Rayis Dahab da Wurin da Ba a Jefa Ƙugiya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, wannan ba ta aljanu ba ce. Ta mutum ce mai rai, yana nan zaune a ƙofar gidansa a yammacin Aswan, duk mai so ya je ya gaishe shi. Sunansa Rayis Dahab, jagoran masu hayar jirgi su je kamun kifi a babban tafkin bayan madatsa. Bana ya ajiye aiki, kuma ba wanda ya yanka masa ko zakara, shi ya sa na ce bari ni in faɗi nawa.

Shekaru masu yawa, da gari ya waye za ka same shi a bakin jirgi, ya naɗe jallabiya zuwa gwiwa yana warware zaren fatsa. Ya duba mai, ya duba ƙanƙara, ya wasa ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Kukun jirgin, Awad, ya miƙo masa shayi da madara da gurasar da matarsa Zanuba ta gasa. Sannan baƙi su iso da hulunansu da tabarau, kowa da burin giwan ruwan da zai ɗauki hoto da shi. Dahab ne zai ɗaura musu zare, ya nuna inda za su jefa, ya riƙe ƙugun wanda kifi ke neman ja cikin ruwa. An ga ranar da ya cire ƙugiya daga kunnen wani baƙo yana ba shi labari, har aka gama mutumin bai sani ba.

Abin da mai jirgi ke biya ba ya kai wata. Tukuici ne ke riƙe gida. In an dawo gaɓa, baƙo yakan naɗe kuɗi a tafin hannu, a yi musabaha, jagora ya sa a aljihu bai duba ba. Sai baƙo ya ba da baya sannan jagora ya raba da kuku. Kowa kuma ya san nauyin hannun baƙo yana bin nauyin kifin da ya kama.

Nan ne Dahab ya sha wuya, don akwai wuri guda da ya fi ko'ina manyan kifi, shi kuwa ba ya bari a jefa ƙugiya a wurin. Wani kan dutse ne a tsakiyar ruwa, kamar raƙumi ya durƙusa. Dutsen bayan tsohon garinsu ne, shi kaɗai ruwa ya rage da aka tashe su saboda gina madatsar, yana ƙaramin yaro. An kwashe tukwane da awaki, har ƙofofi an ciccire, amma ba a ɗaukar kabari. A gindin dutsen maƙabarta take, a nan uwarsa ke kwance. Duk sanda jirgi ya zo wucewa, sai ya kashe inji, ya ce a ɗaga fatsa, ya karanta Fatiha, ruwa ya tura su har su wuce.

Sai hasken ruwa ya ci masa ido. Yanar ido ta rufe na hagu, ta fara taɓa na dama. Likita ya ce aiki ne, kuma kada a daɗe. Zanuba ta sayar da awarwaronta, bai kai ko'ina ba.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa daga Alƙahira, Madhat, ya yi hayar jirgin. Ya zo da wata na'ura mai nuna kifin da ke ƙarƙashin ruwa. Awad ne ya ba ni labarin, don a gabansa aka yi. Sun yi kwanaki ba su kama abin kirki ba. Ranar komawa suka biyo ta gefen dutsen, Dahab ya kashe inji.

Madhat ya leƙa na'urarsa, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Rayis, zo ka gani. Waɗannan ai shanu ne, ba kifi ba. Tsaya nan."

Dahab ya kira shi da laƙabin girmamawa, ya ce, "Basha, a ɗaga fatsa. Nan ba a kamu."

"Gwamnati ce ta hana?"

"Uwata ce a ƙasan nan, da mutanen garinmu."

Madhat ba mugun mutum ba ne, gajiya ce da son abin da ya biya. Ya ce, "Allah Ya ji ƙanta. To amma tsoho, ƙugiyata ba za ta kai inda take ba. Na ga yadda kake laluben zare tun ranar farko. Ka ba ni kifi ɗaya a nan, ni kuma in kai ka wurin likitan ido a Alƙahira, komai a wuyana. Ga Awad shaida."

Awad ya ce shi dai ludayi ya faɗi daga hannunsa. Ya matso ya rage murya. "Kawu, kifi ɗaya fa. Innarka da kanta in tana magana cewa za ta yi ka karɓa. Ko so kake Zanuba ta riƙa jan ka da sanda kamar akuya?"

Dahab ya daɗe yana kallon dutsen, wanda a lokacin bai fi inuwa ba a idonsa. Yana son gani. Yana son ganin fuskar jikarsa, yana son ganin zaren da yake ɗaurawa. Awad ya ce ya ga hannunsa ya tafi wajen igiyar anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ya tsaya, ya dawo.

Dahab ya ce, "Basha, na gode. Ba mu iya ɗauko su ba, ba mu iya zuwa mu share musu kabari ba. Abin da ya rage mana kawai mu wuce a hankali. In na sayar da wannan, ban san me zan kalla da idon ba."

Ya ɗaga hannu ya karanta Fatiharsa. Ruwa ya tura su suka wuce.

A gaɓa Madhat ya miƙo hannu aka yi musabaha. Tafin babu komai. Dahab ya sa nasa hannun a aljihu kamar yadda aka saba, don kada masu kallo su gane, ya ce, "Allah Ya kai ka gida lafiya." Washegari ya aika wa Awad rabonsa daga abin da Zanuba ta ajiye na ido. Awad ya mayar, Dahab ya sake aikowa. Awad ya zo da kansa yana faɗa, "Kai dai taurin kanka ya fi na dutsen nan." Suka sha shayi, ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Ƙorafin Madhat ya kai ga mai jirgi. Ya ce dama idon ya gaza, lokacin hutu ya yi.

Rayis Dahab, kai ne ka ciyar da gida da hannun baƙi, ba ka taɓa buɗe tafi a gaban mai bayarwa ba. Kai ne mai gaida waɗanda ruwa ya rufe. Mu da kakanninmu ke ƙarƙashin tafkin nan, ba mu taɓa ce maka sannu ba. To sannu, ɗan'uwana. Mun gode, Allah Ya saka.

Ku kuma masu hayar jirgi, in kun dawo gaɓa, ku auna wahalar mutum, ku bar auna kifi. Matasan da suka karɓi aikin, in kun zo dutsen, kashe inji ba ya cin komai.

Ƙarshenta ke nan. Madhat ya dawo daga baya da wani jagora, ya kama kifinsa a gindin dutsen, an ce hoton yana rataye a shagonsa. Awad yana nan a jirgin, in an zo wurin yakan buga tukunya da ludayi ya ce a ɗaga fatsa, wani lokaci a ji, wani lokaci a yi masa dariya. Zanuba tana gasa gurasa tana sayarwa. Dahab idon hagu ya tafi, na dama yana rarrabe rana da inuwa. Yana zaune a ƙofar gida yana wasa wa mutane ƙugiya da lalube.