Anti Ludayi da Tayoyin Mai Faci

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu, tela mai shago a ƙasan benenmu, wadda duk layinmu ke kira Anti Ludayi. Ta rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. Da na dawo daga makaranta na tarar da shagon a rufe, takalman mata sun cika bakin matattakala. Tun kafin a faɗa mini na gane. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Anti, ni ba mai iya magana ba ce, kin fi kowa sani. A wurin gaisuwa mata suna ta faɗin alherinki, ni ina lungu na kasa buɗe baki. Shi ya sa na rubuta.

Bara waccan masu bincike daga jami'a suka zo asibitin unguwa suna neman 'yan sa kai. Aikin shi ne, in an yi ruwan sama a bi gida-gida, a duba duk inda ruwa ya kwanta, a ɗebo a ga ko da tsutsar sauro a ciki, a ɗauki hoto da waya a tura musu. Su kuma su sa a taswira, a san inda sauro ke yaɗuwa da inda za a fara kai magani. Ke kika fara ɗaga hannu. Sai da farin ludayi ake ɗiba don tsutsar ta fito sosai, kika ɗaure naki a jikin doguwar sanda, kina yawo da shi a kafaɗa. Daga nan yara suka raɗa miki suna. Ba ki ji haushi ba. Kin ce sun yi miki adalci, da tsintsiya kika riƙo fa?

A daminar da ƙanena ya kwanta da zazzaɓi har sau biyu, kullum sai kin hau bene kin duba shi. Wata rana kika dube ni kika ce wa Mama, "Yaya, ara mini idon yarinyar nan. Nawa ya gaji, ko zare sai an zura mini." Haka na shiga aikin. Ke ce mai sallama da gaisuwa, ni ce mai dubawa. Kin koya mini kada in bar inuwata ta faɗa kan ruwan, domin tsutsar takan nutse ƙasa. Sai a tsuguna a gefe, a yi shiru, a jira ta taso. Kin ce aikin nan na marasa surutu ne. Ban taɓa jin an yabi shiruna ba sai ranar.

Da farko mutane suna jin muna tafe sai su yi maza su zubar da ruwan bokiti da na tukwanen fure, su share tsakar gida tas. Mu zo mu tarar ba abin dubawa. Kika tsaya a gidan mai burodi kina dariya, kika ce wa matarsa, "Haba 'yar'uwa, mu ba surukanki ba ne. Ki bar mana gidan yadda yake mu gani, sannan mu zubar tare." A hankali suka saba. Kuma ba ki taɓa tura hoton gidan kowa ba sai mai gidan ya gani, ya ce ya yarda.

Wuri ɗaya ne ya gagare ki. A ƙarshen layi akwai Baba mai faci, bayan shagonsa kuma akwai fili mai katanga da ya cika da tsofaffin tayoyi. A taswirar unguwarmu wurin nan kaɗai ne fari fat, ba a san abin da ke ciki ba. Yaran gidajen da ke kewaye da shi sun fi kowa zuwa asibiti, har da jikarsa. Amma Baba ya ƙi buɗe ƙofa. Yana tsoron in hoton ya fita, duba-gari za su zo su rufe masa shago, da shi kuma yake ciyar da gidansa. Ban da haka bai ma yarda da maganar ba. Ya ce sauro da fiffike aka san shi, wannan kuwa tsutsar ruwa ce, tun yana yaro yake ganinta a ganga.

Akwai wani ɗalibi a cikinmu, ya ce daga saman benenmu ana hango filin, a ɗauki hoton kawai a tura. Kika ce a'a. Kika ce hoton zai shiga taswira, amma daga ranar ba gidan da zai sake buɗe mana ƙofa. Na ga damuwa a fuskarki, domin damina tana tafiya, yara suna kwanciya. Duk da haka kika ci gaba da zuwa wurin Baba kina gaishe shi, yana tsokanarki, kina ramawa.

Larabar ƙarshe da muka fita tare, kika ɗebi ruwa a kwatar da ke gaban shagonsa, da tsutsa a ciki, kika zuba a kwalba. Kika rufe bakin da ƙyallen gidan sauro, kika ɗaure, kika ajiye a kan bencinsa.

"Baba, ajiya na kawo. Kada ka buɗe, kada ka zubar. Zan zo in karɓa."

Ya ce, "Yanzu kuma kiwon tsutsa zan yi miki? To me take ci?"

Kika ce, "Ba za ta taɓa abincinka ba. Ka dai riƙa leƙawa."

Ranar Juma'a aka kai ki asibiti. Ba ki koma wurinsa ba.

Anti, abin da ya faru bayanki nake so in gaya miki. Washegarin rasuwarki Baba mai faci ya zo gaisuwa. Da ya gama da maza, ya tsaya a bakin matattakala ya ce a kira masa yarinyar da ke bin marigayiya. Na sauko. Ya zaro kwalbar daga leda. Sauraye ne manne a jikin ƙyallen. Ya ce da idonsa ya ga tsutsa ɗaya ta tsage, sauro ya fito ya tsaya a kan ruwan. Sannan ya ce, "'Yata, in an rufe mini shago fa?"

Na ce ban sani ba, Baba. Na ce abin da na sani shi ne masu binciken ba sa rubuta sunan kowa, kuma zan roƙi likitan da ke kula da aikin ya zo ya yi masa bayani da kansa. Ban san yadda aka yi maganar ta fito daga bakina ba. Sai ya ce mu zo Asabar.

Mun je, ni da ɗalibin nan da likita. Kusan kowace taya da muka duba akwai tsutsa a ciki. Baba ne ya riƙe wayar, shi ya danna ya tura. Daga nan ya ɗauko kayan aikinsa ya shiga huda tayoyin don kada ruwa ya sake kwanciya, masu kyaun kuma muka jera su a ƙarƙashin rumfa. Har yau shagonsa a buɗe yake. An shiga filin nan, Anti, kuma mai shi ne ya buɗe ƙofar da hannunsa, yadda kika so.

Ya Allah Ka jiƙan Anti, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta. Duk yaron da ya kwana lafiya saboda wahalar da ta sha, Ka sa ladan a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, da mahaifiyarta, da 'ya'yanta, da 'yan matan da ke koyon ɗinki a hannunta, da duk 'yan sa kai na unguwarmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.