Ciyawar da Ta Tayar da Baba

Kwana tara da yi wa Baba aikin gwiwa a Indiya, ya ƙi taka ƙasa. Likita ya ce in bai taka ba, babu maganar komawa Gwaram.

Jiya na tura shi a keken marasa lafiya zuwa wani lambu da ake tara tsirran duniya don kallo. Can muka iske 'yar gonar dawa, ciyawar wuta-wuta mai kashe dawa ta cika gindinta.

Kafin in ankara, Baba ya miƙe, ya taka, yana tuge ta.

Na ce, "Baba, an hana taɓa komai a nan fa."

Ya ce, "Sai a bar ta ta yi iri? Matso da keken nan in zuba."

Da ƙafarsa ya fito.

Ku fa, me ke tayar da naku tsohon?