Maitama Mai Ƙwai da Babur Marar Sarƙa

A Ƙarfi idan ka ce kana neman Maitama, sai an tambaye ka wanne. Amma da ka ce mai ƙwai, za a nuna maka gidan da darbejiya ta rufe wa ƙofa. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya bi ƙauyuka ya sayi ƙwan zabi a hannun matan gida, ya jera a kwando cikin ƙaiƙayi, ya kai Funtua. Da keke ya fara, daga baya ya sayi babur na hannu, suka tsufa tare.

Babu abin da ya sani a jikin babur ɗin kamar sarƙarsa. Kullum da safe, kafin ya karya, zai tsuguna ya shafa mata baƙin mai da gashin kaza, ya danna ta da yatsa ya ji ko ta saki. In ta tsinke a hanya ba ya neman kowa, shi yake haɗa abarsa. Aibinta ɗaya ne, fizga. Duk sanda ya sa giya babur ya zabura, sai ya ji ƙas daga cikin kwando. Matarsa Rabi'atu ta soya fasasshen ƙwai har mutanen gidan suka daina marmarinsa.

Ana nan sai 'yarsu Sa'adiya, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta aiko masa da sabon babur, irin mai faffaɗan wurin ajiye ƙafa. Maitama ya zagaya shi, ya tsuguna, ya leƙa dama ya leƙa hagu. Sai ya kira ta a waya.

"Sa'adiya, Allah ya yi miki albarka. Amma an cuce ki, ba su sa masa sarƙa ba."

"Baba, ai ba ya amfani da ita. Bel gare shi, yana ciki a rufe."

"Bel irin na injin niƙa?"

"Kusan haka. Kuma babu giya, murɗawa kawai za ka yi ya tafi."

Ya ce to, ba don ya gane ba. Ranar da ya fara hawa, ƙafarsa ta hagu ta yi ta laluben giya a iska har Funtua. Da ya sauke kwando ya zazzage ƙaiƙayi, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon babur ɗin.

Abin da ya hana shi sakewa shi ne safiya. Ya fito da gwangwanin mai da gashin kaza, ya rasa inda zai shafa. A ganinsa duk abin da ke juyawa yana bukatar mai, kuma zalunci ne a yi ta hawan abu ba a ba shi komai. Wata safiya ya kwance murfin, ya ga bel ɗin a bushe ƙayau, tausayi ya kama shi, ya shafe shi da mai sosai ya mayar da murfi.

Bai kai bakin titi ba babur ya fara ihu ba ya tafiya. Ya tura shi wurin Awaisu, bakaniken da ya saba gyara masa tsohon. Awaisu ya buɗe, ya riƙe baki.

"Baba Maitama, wa ya zuba mai a nan?"

"Ni ne. Na ga ya bushe."

"Ai a bushen yake so. Mai shi ne ajalinsa. Ni dai da za ka ji tawa, ka koma kan mai sarƙa. Wannan na 'yan birni ne, in ya tsinke a daji babu haɗi, sai sabo."

Sabon bel ɗin ma babu shi a Ƙarfi, sai da ya je Funtua wurin Donatus mai sayar da kayan babur, haifaffen garin, wanda Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan.

"Baba, kada ka saurari Awaisu," in ji Donatus. "Sarƙa kullum mai, kullum ɗauri, ga ƙasa tana cinye haƙora. Wannan kuwa ka sa ka manta da shi. Kada dai ka taɓa shi, shi ke nan."

Maitama ya dawo gida da bel a hannu da magana biyu a ka, kuma kowacce ya juya sai ya ga gaskiya ce.

Zabi kuwa da damina suke ƙwai, lokacin da hanyoyin ƙauye ke zama taɓo. Wata rana yana dawowa daga wajen Gozaki a kan sabon babur da kwando cike, ya tarar da rafi ya kawo. Tsohon babur ya sha ratsa irinsa, don haka ya shiga. Ya fita lafiya, amma a hawan gaɓa babur ya sake ihun nan, taya ba ta juyawa. Ya sauka ya tsaya cikin laka, ya rantse wa kansa bai taɓa murfin ba. Wani manomi, Ɗanasabe, ya iso da amalanken shanu, ya ce ƙila ruwa ne ya shiga.

"Mai ba ya so, ruwa ba ya so," in ji Maitama. "To me yake so?"

Ɗanasabe ya ce shi dai shanu ya sani. Suka ɗora babur da kwando a amalanke, Maitama ya zauna yana rungume da ƙwansa har bakin titi. Da suka sauke, ya gwada tayarwa. Babur ya ɗauka ya tafi sumul, kamar ba shi ba. Wannan ya fi lalacewar ruɗa shi, don bai san abin da ya gyaru ba balle ya gode wa wani.

Tun daga nan baburan biyu suke ajiye a zaure. In gari ya waye, sai ya fito ya dubi sama. In ya ɗauki mai sarƙa saboda hadari, ruwa ya ƙi zuwa, ƙwai ya fashe a banza. In ya ɗauki mai bel, ya yi ta addu'a a bakin kowane rafi. Rabi'atu ta gaji da raɓawa ta gefensu da tulu a ka.

"Malam, don Allah ka sayar da ɗaya mu samu hanya."

Ya yarda, har ya sa aka yi cigiyar mai saye. Wani Aƙilu ya zo daga Malumfashi, suka gaisa, ya tambaya wanne ne na sayarwa. Maitama ya nuna tsohon, ya fara yabonsa, yabon ya yi tsawo har ya ji ba zai iya rabuwa da shi ba. Ya juya ga sabon, ya tuna kyautar 'ya ce, kuma bai taɓa fasa masa ƙwai ba. Aƙilu ya jira har aka kira azahar, suka yi salla tare, ya ci tuwo, ya hau abin hawansa ya koma.

Rabi'atu ta leƙo ta tambaya yaya aka ƙare. Maitama ya ce Aƙilu mutumin kirki ne ƙwarai, kuma wai zai dawo bayan kaka.