Yadda Muka Kwantar da Malam Sale

Ranar kasuwa ce. Ƙarfe bakwai saura kwata na fito daga gidajen ma'aikata da ke bayan asibiti, da kunun gyaɗa a fulas. A ɗakin gaggawa na iske Dakta Nuhu yana barci a zaune, kansa a kan tebur, takalmi ɗaya a ƙafa. Kwanansa uku rabonsa da gado. Mu nas biyu ne, shi kuwa shi kaɗai ne likita, tun da abokin aikinsa ya tafi hutu bara bai dawo ba. Na zuba masa kunu a murfin fulas. Ya sha rabi, aka shigo da wata mata tana haki, ya ajiye.

Gadajenmu huɗu. Tukunyar oksijin ɗaya ce, ita ma ta ƙare tun Litinin. Mun rubuta, mun sake rubutawa. Waɗanda muke rubuta wa sun zo sau ɗaya, suka sa aka yi wa bangon waje fenti, suka ɗauki hoto suka tafi.

Goma da minti ashirin muka ji hon ba ƙaƙƙautawa. Motar rake ce ta kife a hanyar Makarfi, da mutane a saman kaya. Aka kawo goma sha ɗaya a akori-kura biyu. Muka shimfiɗe bakwai a ƙasa.

A aikinmu ba mai ihu ake fara dubawa ba, wanda ya yi shiru ake nufa. Mutum biyu ne suka yi shiru. Malam Sale, dattijo daga Janfalan, ya bugu a ka ya suma, yana numfashi amma yana amai. Sai Talatu, mai sayar da mazarƙwaila daga Likoro, ƙarfe ya yanke mata jijiya a cinya, jini na tsartuwa.

Wanda ya suma yana amai ba a barin sa rigingine, aman zai koma ya shaƙe shi. A gefe ake kwantar da shi. Dakta ya riƙe kai, na kama ƙugu, muka juya Malam gefen dama, na tokare bayansa da matashi. Jikinsa ya yi sanyi, sai na rufa masa zane har wuya. Muddin yana kwance haka zai kai lokacin da za mu waiwaye shi. Dakta ya koma kan Talatu, ya danna hannu biyu a cinyarta, ni ina neman almakashin kama jijiya.

Gefen dama a gadon nan gabas yake kallo. Na sani sarai, a gindin gadon nake shimfiɗa sallayata kullum. Ni 'yar ƙauyen Taba ce, da idona na ga yadda aka juya mahaifina, fuska ga alƙibla, lokacin da aka fid da rai da shi. Amma a ranar ko kaɗan ban tuna ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

'Yan'uwan Malam suna taga suna kallo. Sha ɗaya saura minti ashirin wata ta saki salati. Na ji muryar namiji: "Sun juya shi alƙibla. Sun bar shi ya mutu." Kafin in kai taga maganar ta riga ni fita ƙofa, ta kai kasuwa.

Sha ɗaya daidai dutse na farko ya fasa gilas. Sai ƙarar babura, sai dukan ƙofa. Abokiyar aikina ta shige ƙarƙashin tebur. Minti goma ƙofar ta yi ta faɗi.

"Ina likitan? A fito da shi!"

"Yana da rai," in ji Dakta, bai ko juyo ba. "Kada ku taɓa shi. Ku bar shi a gefe."

Ba wanda ya kai kunne bakin Malam ya saurara, abin da ba zai ɗauke su ƙiftawar ido ba. Wani ya zaro ƙarfen rataya ledar ruwa. Duka na farko ya sami Dakta a baya, bai saki cinyar ba. Na biyu ma bai saki ba. Na uku ya sauka a wuyan hannunsa, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya rake. Wanda ya kai dukan na gane shi, ni na ɗinke masa goshi watan jiya, yana ta sa mini albarka. A bayansa wasu samari sun ɗaga waya suna ɗauka, ɗaya har yana neman inda haske ya fi kyau.

Ado, babban ɗan Malam, ya sunkuci mahaifinsa wai zai kai shi Zariya. Ta taga na ga sun kwantar da shi rigingine a bayan akori-kura, sun gyara masa hula. Na yi ihu har muryata ta dishe. Aka fizgi hijabina ta baya, na faɗi cikin jini.

Ta ɗakin wanki muka fita, ina jan Dakta. Muka haura katangar baya muka faɗa gonar dawa. Muka kwanta tsakanin kunya biyu, ba motsi. Muna jin ana farfasa kwalabe. Sha biyu da rabi hayaƙi ya tashi. Gidan Dakta suka cinna wa wuta, shi da nawa kuwa bango ɗaya suke, wutar ba ta tambayi na waye ba.

Da aka kira azahar muka miƙe, muka bi gona zuwa gona, ni ba takalmi. Na ɗaure wa Dakta hannu da karan dawa da ɗankwalina. A hanya ya tambaye ni ko wani ya danne wa Talatu cinya. Na ce masa e. Ƙarya na yi. Wajen la'asar muka fito wani ƙauye, wata tsohuwa ta ba mu ruwa a kwano ba ta tambaye mu komai ba. Jikanta ya kai mu Kudan a babur.

Bayan sati biyu takarda ta iske mu daga ofis. Ba ta yi mana jaje ba. Bayani take nema, me ya sa muka bar bakin aiki ba izini.

Talatu ta cika kafin mu haura katanga, ta bar 'ya'ya uku. Hannun Dakta ya haɗe a karkace, ba ya iya riƙe allurar ɗinki, ya koma garinsu. Ɗakin gaggawa kwaɗo ne a ƙofarsa har yau, fentin bangon yana nan fes. A kasuwa har yanzu cewa ake asibiti ne ya kashe dattijon Janfalan.

Malam Sale bai kai babban titi ba. Amai ya shaƙe shi a bayan mota, kansa a cinyar ɗansa. Da yamma suka binne shi. A kabari sun kwantar da shi gefen dama, fuska ga alƙibla, daidai yadda muka kwantar da shi yana numfashi.