Filin da Na Bari a Bayan Tebura

A gidanmu na Digil ba a barin wuri ya zauna haka kawai. Ƙarƙashin gado na gyaɗa ne, bayan ƙofa na fartanya, saman rufi kuma na kuɓewa busasshiya. A haka na tashi, shi ya sa na san za a yi rigima tun ranar da na kama shago a cikin Mubi don in zuba kwamfutocin buga takardu da rajistar jarrabawa.

Ni na tsara ɗakin da kaina. Na zaɓi wanda ya ba injin niƙa baya, saboda ƙurar garin da ake niƙawa. Na sa birkila ya ɗaga daɓen, don na ga yadda ruwa ke bin layin nan idan mayo, wato kogin garin, ya cika. Soket ya hau bango, batiran sola suka samu lungu mai taga. Sannan na janye teburan daga jikin bango, na bar fili wanda mutum zai bi ya wuce, don injinan su sha iska, ni ma in riƙa duba wayoyi. Filin nan shi ne ya tsone wa danginmu ido.

Da kaka ta yi, sai ga yayana, wanda muke ce wa Hamma, da a-kori-kura shaƙe da buhunan wake. Ko sallama bai gama ba ya fara kwance igiya.

"Hamma, ina za a kai wannan?"

"Bayan tebur ɗin ki mana. Wuri yana zaune banza. Mama ne ya ce in kawo a ajiye, kafin kuɗin wake ya tashi a kasuwa."

Na ce masa wurin ba banza yake ba, iska ce a ciki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira direban ya zo ya ji wadda ta kama haya don ta ajiye iska. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san wake: inda ya sauka ɓera zai biyo shi, ɓera kuma ba ya bambanta buhu da wayar kwamfuta. Ga ƙura, ga warin maganin ƙwari a ɗakin da mutane za su wuni. Na kuma san idan buhu ɗaya ya shiga bana, baɗi masara ce, ni da injinan sai mu koma baranda.

Na tsaya a bakin ƙofa, na dafa ginshiƙan da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, Hamma. Ba zai shiga ba."

"Ni ka ke hana wa?" Haka Hausarsa take, balle in ya fusata, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Kai nake hana wa."

Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ban taɓa musa masa ba. Amma ban matsa ba. Ya ɗaure igiyarsa, motar ta juya.

An ce boko ya ɓata ni, an ce na fifita injin a kan jini. Na ji zafi, ban kuma je na ba kowa haƙuri ba, domin ban ga laifina ba.

A bara Hamma ya kawo 'yarsa rajistar jarrabawa. Na zaunar da ita, na cike mata komai. Shi kuwa yana kan babur a waje, cikin rana, bai ko cire hular kwano ba. Na aika masa ruwa, ya sha, ya miƙo kofin ta hannun yarinyar. Da suka tafi na ɗauki tsintsiya na shiga bayan teburan, na share filin kamar kullum, idona cike da hawaye.