Kawu Tanko da Ƙwaurin Ladi

Duk wanda ya san Kawu Tanko wanzami, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya kama yatsanka ya danna farce, ya saki, ya tsaya kallon dawowar jini. In ya dawo da sauri, to lafiyarka lau. In ya yi nawa, komai rantsuwarka cewa zai yi, "Ƙarya kake, tafi ka ci abinci."

A wurinsa jini ba adali ba ne. Fatar kai da fuska yake cika wa ƙwarya, ƙwauri kuwa sai ɗan abin da ya rage.

Wata rana shi da abokan tafiyarsa za su Maraɗi da jakuna, wani Baturen Faransa ya tsare su a kan iyaka yana ta faɗa, fuska da kunnuwa jawur. Kawu ya ƙare masa kallo ya ce, "Ku kora jakunanku. Jinin duk ya hau sama, ƙafafun ba su da na bin mu." Suka kora. Ashe Baturen da dokinsa. Ya cim musu, yini suka yi tsare a rana.

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ɗiyata Ladi ta faɗo daga kan katanga. Goshi ya fashe, jini har wuya. Na sungume ta sai gidan Kawu. Ya danna tsumma a goshin, amma idonsa na kan wata 'yar ƙujewa a ƙwaurinta.

"Kawu, goshin fa?"

"Bar kai, Hajara, ɗan burga ne, kwana bakwai ya haɗe. Wanga mai shiru shi ka zama gyambo ya ci ƙafa."

Ni ma na sha ganin waɗanda gyambo ya gurgunta.

Ya wanke wurin da ruwan gishiri, ya ɗora ƙafar kan turmi, ya hana ta taka ƙasa. Kullum sai ya zo da tabarmarsa ya zauna gadi yana korar ƙuda. Maƙwabta na ta dariya, wai wanzami ya koma raino.

Ladi ta ce, "Tsoho, in ba ka bar ni na tashi ba, na fasa aurenka."

"Fasa mana. Ni dai gurguwa ce ba ni so."

Goshi ya warke cikin mako. Ƙwaurin sai da ya kwana arba'in kafin ya rufe.

Bara da Kawu ya cika, Ladi ce ta ruga garin Riko ta kai wa dangi labari. Ina tsakar gida ta shigo a guje, ƙura har gwiwa, kafin a fita da shi. Sai a lokacin kuka ya zo mini.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya tabbatar da ƙafarsa a kan siraɗi. Amin.