Zaren da Baffa Yake Canzawa

Mahaifina tela ne, kuma duk layinmu ba a san shi da wani suna ba sai Wa-ya-gani. Ka ce masa an yi ruwa a bayan gari, sai ya ɗago kai daga keken ɗinki ya ce, "Wa ya gani?" Ko tef ɗin awo ya saya sabo, sai ya gwada shi da tsohon, wai masu kamfani ma 'yan Adam ne. Mutum ne mai kirki, amma zarginsa, wallahi, sai ya sa ka ciwon kai.

Shekara talatin da ɗoriya suna shago ɗaya da ƙanensa, Baffa. Keke biyu suna kallon juna, fanka ɗaya mai kuka a sama. Kullum da safe Mama takan zo ta share, ta ninke yadukan da za a ɗinka ranar, kowane yadi ta soka masa zarensa a ciki. Baba yakan ce iyayi ne kawai irin na mata.

Da Mama ta rasu sai al'amura suka fara kwaɓewa. Wata makaranta ta kawo ɗinkin rigunan yara, koraye, Baba ya zuba musu jan zare raɗau tun daga wuya har ƙasa. Shugabar makarantar ta dawo da su tana kumfar baki. Baba ya rantse zaren da ya dace ya sa, sai dai in wani ya bi bayansa. Daga nan ya fara sa ido. Ai kuwa wata rana ya fita ya dawo ba sallama, ya tarar da Baffa a sunkuye kan kekensa yana cire zare yana sa wani.

"Ashe kai ne! Ɓarawon gida!"

Baffa ya ajiye zaren ya koma kan nasa keken, wannan kuwa ya ƙara tunzura Baba. Ya ɗauki allin ɗinki ya ja layi a tsakiyar shago, ya kira magini ya ce ranar Asabar a tayar da bango. Har bulo aka sauke a ƙofa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na zargi Baffa. In ba rami, me ya kawo maganar rami?

A kwanakin ni ke kai wa Baba abincin rana. Don ya buɗe baki ya yi magana, nakan karanta masa irin abubuwan mamakin nan da mutane ke rubutawa a waya, wai sai yanzu suka sani. Na ce ashe tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba. Ya ce wa ya gani. Na ce ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa bakwai ne, daidai da na mutum. Ya ce marasa aikin yi ne ke rubutawa don su cinye mana caji.

Ranar Alhamis na karanto wani ina dariya: wai akwai maza da yawa da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai, wasu har su tsufa ba su sani ba. Ban ƙarasa dariyar ba. Rigunan makarantar nan ne suka faɗo mini a rai, keken Baffa ma a can bayan layin alli ya tsaya cak.

Na zaro zare biyu daga akwati, ja mai duhu da kore mai duhu, na ɗora a tafin hannu.

"Baba, wanne ne koren?"

"Ke, raina ni za ki yi? Kin ɗauko iri ɗaya kina son ki maishe ni mahaukaci. Shi ya turo ki ko?"

Na ce, "Baba, wallahi ba iri ɗaya ba ne."

Ya karɓa, ya fita rana da su, ya juya, ya sake juyawa. Ya tare mai gyaran takalmi na gefenmu, ya tare wata mata mai wucewa da ba ta san mu ba. Duk su biyun zare guda suka nuna masa, suka ce shi ne koren. Ya dawo ya zauna kan bulon nan, gumi na keto masa.

Sai a lokacin Baffa ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Yaya, ni da matarka mun sani tun shekarar da muka buɗe shagon nan. Ta ce in ka ji, ba za ka ƙara yarda da hannunka ba. Tana asibiti ta sa na yi mata alkawari zan ci gaba da gyara maka zare, kuma ba zan faɗa ba. Ranar rigunan makaranta na je ganin likita ne, shi ya sa."

Haushi ya kama ni, na su duka ukun, har da Mama da ke kabari, sai kuma kuka ya ƙwace mini. Shekara talatin mutum yana binciken duniya, ashe ana rufa masa asiri a gaban idonsa.

Can Baba ya tashi, ya taka layin allin ya wuce, ya miƙa wa Baffa zaren biyu.

"Wanne ne koren?"

Baffa ya nuna. Na tsaya ina jiran "wa ya gani". Baba ya koma kan kekensa, ya zura zaren a allura.